Baƙin mai a bayan tayar gaba: ba giris ne ya yi yawa ba

Masu tsohuwar Land Cruiser a garin Jos, ko 80 ce ko 70 ɗin nan da ake shiga ƙauyukan Bokkos da Mangu da su, don Allah ku karya sitiyari zuwa ƙarshe ku leƙa bayan tayar gaba. Akwai wani babban ƙwallon ƙarfe a ƙarshen aksil inda tayar ke juyawa. In ɗan maiƙo ne kawai ya kama ƙura a jikinsa to ba komai, haka ake so a ganshi. Amma in ka ga baƙin abu na dalala yana ɗiga cikin rim, ka shafa ka sunsuna ka ji warin man giya, to akwai aiki a gabanka, kuma duk wanda ya ce maka "Alhaji giris ne kawai ya yi yawa, bari a wanke" bai gaya maka gaskiya ba ko kuma shima bai sani ba.

Ga yadda abin yake a ciki. A tsakiyar aksil akwai difaranshal, man giya ne a cikinsa, irin 80W-90. Shaf biyu ne ke fitowa daga nan, na ɓangaren direba dogo, ɗayan gajere, sabida difaranshal ɗin ba a tsakiya cif yake ba, ya karkata dama. Kowane shaf yana ƙarewa ne cikin wancan ƙwallo, inda ya haɗu da joyin da ake kira Birfield, mai ƙwallaye shida a ciki, shi ke sa taya ta ci gaba da ja ko da ka karya kwana. Shi kuma wannan joyin giris yake so ba mai ba. To abin da ya raba man giya da giris wani ɗan sil ne guda ɗaya da ke can ciki a bakin bututun aksil, shaf na juyawa a tsakiyarsa. Ranar da sil ɗin nan ya gaji mai zai tsallako ya narkar da giris, su haɗu su zama kaman miyar kuka da ta kwana, su fara fitowa ta baya. Robar da ƙyallen da ke share ƙwallon ta baya an yi su ne don tare ƙura da riƙe giris mai kauri, ba za su iya tare ruwa-ruwa ba. Shi ya sa canza su kaɗai asarar kuɗi ce, wata ɗaya biyu ka sake ganin ɗigo.

Kuma ba maganar ƙazanta ba ce kawai. Man difaranshal na raguwa kai baka sani ba, joyin na gudu babu giris na kirki, boris ɗin sama da ƙasa da ke riƙe gwiwar tayar suna cinyewa har sitiyari ya fara rawa in ka faɗa rami. Mafi muni shi ne man ya kai ga birki. Duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo da kaya ya san ba wajen da mutum zai so birkin gaba ya jiƙe da mai ba ne.

Tawa 80 ce ta 1996, irin wadda ƙafa huɗun ke ja kullum, babu maganar sai an sa ogzilari, don haka joyin gaba baya hutawa ko a kwalta. Alamar farko da na ji ita ce ƙas ƙas ƙas in na karya kwana sosai ina taka mai. Da na kai gareji a Farin Gada abin da oga ya fara yi ya burge ni, bai taɓa sifana ba sai da ya cire ɗan tiyon numfashin aksil ya hura. A toshe yake tam da laka. Ya ce ranka ya daɗe ko sil na zinare muka sa maka in wannan na toshe sai ya sake zuba. Kuma haka ne, aksil in ya yi zafi iskar ciki na kumbura, in bata samu hanya ba sai ta tura mai ta inda ya fi rauni. In kuma ka afka rafi da aksil mai zafi ya huce lokaci ɗaya sai ya zuƙo ruwa, shi ya sa wasu in an kwance magudanar mai sai ka ga ya fito fari-fari. Mu da damina ke kai mu har Oktoba muna ratsa ruwa, wannan ɗan tiyo ba abin rainawa ba ne.

Sil ɗin kansa bai da tsada, isa wajensa ne aiki. Sai an cire taya, a cire kalifa a rataye shi da waya kar ya ja tiyon birki, a cire zoben kilif, a kwance murfin hob mai ƙananan washa masu siffar mazurari da ke maƙalewa kaman me, sannan manyan noti biyu masu lamba 54. A nan nake roƙon ku tsaya a kan motarku. Gareji da yawa basu da soket 54, yaro zai ɗauko cizal da guduma ya dinga saran noti, kuma da cizal ɗin zai mayar, to ta yaya zai san iya ɗaurin da boris ke buƙata? Ni sayen soket ɗin na yi na ajiye a mota, duk inda za a taɓa min hob da kayana nake zuwa. Bayan hob sai sandar da yake hawa, sai a zaro joyin da shaf gaba ɗaya, yana da gefe biyu a shafe da sai an daidaita su sama da ƙasa kafin ya fito, ba da ƙarfi ake fizgarsa ba. Masu ABS a fara cire sensa tukuna. Sai gwiwar kanta, kuma akwai wasu siraran faranti a ƙarƙashin murfin boris ɗinta, duk inda aka ciro kowanne can za a mayar dashi, in aka cakuɗa na hagu da na dama shaf ba zai zauna a tsakiyar sil ba kuma sabon ma zai cinye gefe ɗaya.

Tunda an riga an sha wannan wahala, ni ra'ayina a yi komai lokaci ɗaya, ɓangare biyun duka. Sil na ciki, boris ɗin gwiwa, sil na hob, gasket, roba da ƙyallen baya, washa mai kunne da ke kulle noti. Wasu za su ce ai ɓangare ɗaya ne ke zuba, eh, amma shekarunsu ɗaya da ɗan uwansa.

Maganar kaya kuwa, na zaga kasuwar kayan mota ta Dilimi a nan Jos na kuma sa an tambayo min a Apo da ke Abuja. Shaf ko joyin ɗan Beljiyam mai kyau ban da matsala dashi, sau da yawa ma ya fi sabo mara asali. Amma sil ɗan Beljiyam a'a, roba ce, ta riga ta tsufa a jikin wata motar. A nemi na Toyota a ledarsa, boris kuma Koyo, a kuma buɗe ido sabida yanzu kwali kowa na iya bugawa. Sannan a shafa shaf da farce daidai inda sil ke hawa. In ya yi zurfin layi to sabon sil zai faɗa cikin wannan layin ya ci gaba da zuba, sai dai a sa masa siririn hannun riga na ƙarfe ko a canza shaf ɗin. Akwai kuma dabarar da masu 80 ke yi in ƙarar bata yi tsanani ba, a musanya joyin hagu da na dama don ya koma cin ɓangaren da bai cinye ba. Yana ƙara masa kwana, amma in ƙwallayen sun riga sun yi rami ba abin da zai gyara.

Giris ma kala biyu ne, kuma nan ne ake yawan yin kwaɗo. Joyin da cikin gwiwa baƙin giris mai moli suke so, a cika gwiwar kaman kashi uku cikin huɗu, boris ɗin taya kuma nasa daban mai jure zafi. Ba bokiti ɗaya na giris ɗin awo da ke buɗe tun bara yashi na faɗawa ba. Na sa an shimfiɗa kwali an wanke komai da kananzir an jera a kai, yaran gareji suna ta min dariya wai Alhaji ya mai da gareji asibiti. Wajen mayar da shaf kuma a hankali, a tallafe shi, in aka bar nauyin dogon shaf ɗin nan ya goge leɓen sabon sil to an yaga shi tun kafin mota ta tashi.

Masu Hilux na 2005 zuwa sama da Prado na 1996 zuwa sama, ku naku daban ne, babu wannan ƙwallo. Shaf ɗinku a waje yake da robar da ke rufe joyin, ita za ku dinga dubawa, da ta tsage giris ya fara fantsama a canza ta a satin kafin yashi ya shiga.

Bayan an gama a zuba sabon man giya har ya taɓo bakin ramin cikawa, mota na tsaye a fili ba a gangare ba. Ka ɗan zaga da ita zuwa Bukuru ka dawo ka taɓa hob biyun, ɗumi ba laifi, amma in hannu baya iya zama an matse boris da yawa. Bayan sati ɗaya ko biyu a sake ɗaga ta a jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, in akwai motsi a ƙara ɗaure noti, a kuma duba notin da ke ƙarƙashin gwiwa masu riƙe hannun sitiyari don su ma suna saki.