Talotalo a Leiden

Ranar Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba na fito daga ɗakina a Delft da hantsi, in har za a kira shi hantsi, don rana ko leƙowa ba ta yi ba. Yayyafi ake yi irin na ƙasar Holan, ba ya tsugewa kuma ba ya ɗaukewa, sai dai ya jiƙa mutum a sannu. A jakata akwai gora biyu na zoɓo da na dafa tun dare, da ƙullin yajin ƙuli wanda Inna ta cusa mini cikin kaya ranar da zan bar Kano.

Wani Ba'amurke da muke aiki tare a ɗakin gwajin ruwa ne ya gayyace ni gidansa a Leiden. Tun sati uku kafin ranar yake damuna da zancen, wai bikinsu ne na godiya da suke kira Thanksgiving. Na ce masa ni fa ba na cin abin da ba yanka ba. Ya yi dariya, ya ce ai tuni ya ba wani mahauci Baturke sautun talotalon, domin a garin ba ka samun ɗanyensa guda cur sai ka yi odar tun da wuri. Daga nan na rasa uzuri.

Jirgin ƙasa daga Delft zuwa Leiden bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, ta birnin Hague ake bi. Abin da na lura a hanya shi ne babu wanda ya san ana wani biki. Yara na makaranta, ma'aikata na ofis, kekuna sun cika titi. Nan take na tuna Babbar Sallar da na yi a nan: na dawo daga Idi da shaddata mai sitaci na wuce aji, malami na ta bayani a kan famfunan ban ruwa, ni kuwa hancina na can gida wurin suyar nama.

Abokin nawa ya ce in same shi a bakin Pieterskerk, wani tsohon coci mai jan bulo a tsakiyar garin, inda Amurkawa mazauna Holan ke taruwa kowace shekara a wannan rana. Na isa ana fitowa. Ya ja ni zuwa wani allon tagulla a jikin bango mai sunan John Robinson, limamin mutanen da suka fara bikin, wanda aka binne a wurin a 1625, ya shiga ba ni tarihi ruwa na ɗiga daga hularsa.

Ashe kakannin bikin su ma baƙi ne a wannan gari. Turawan Ingila ne da suka ɓalle daga cocin sarki, suka yi hijira, suka sauka Leiden a 1609. Shekara goma sha ɗaya suka yi, yawancinsu suna wahalar saƙa da sarrafa ulu. Ba wanda ya kore su. Cikin abubuwan da suka tayar da su akwai talauci, da fargabar yaƙi da Sifaniya zai dawo, da kuma wanda ya fi tsaya mini a rai: 'ya'yansu sun fara zama 'yan Holan, a baki da ɗabi'a. A 1620 wasunsu suka tashi daga tashar Delfshaven, daga bisani suka haye teku zuwa Amurka a jirgin Mayflower, mutum 102. Kusan rabinsu ba su ga ƙarshen hunturun farko ba. Da kaka ta yi a 1621 suka yi walima ta kwana uku tare da mutanen Wampanoag, 'yan asalin ƙasar da suka koya musu noman masara. Sai a 1863 Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ranar ga ƙasa baki ɗaya, majalisa kuma ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu a 1941.

Na tambaye shi, su mutanen da suka koyar da noman masarar fa? Ya yi jim. Ya ce jikokinsu da wasu 'yan asalin ƙasar na taruwa a Plymouth, inda baƙin suka zauna, a wannan rana tun 1970, amma su ranar makoki suke kiranta. Bai ƙara ba, ni ma ban matsa ba.

Gidan na hawa na biyu, matakalar a miƙe kamar tsani. Tun daga ƙasa ƙamshi ya tare mu. A kicin muka iske uwargida durƙushe gaban tanda tana mita: tandar Holan ƙarama ce, sai da aka cire wa talotalon cinyoyi kafin ya shiga, abin da ta ce da mahaifiyarta ta gani da ta yi kuka. A kan kanta ga gwangwanayen kabewa da wata ƙawarta ta ɗauko mata a akwati tun daga Michigan. Kabewa fa! Ga ta jibge a kasuwar garin. Na buɗe baki zan yi tsiya, sai na tuna ni ne mutumin da ya ratso filayen jirgi biyu da daddawa da kuka a naɗe cikin zanin gado. Na rufe bakina.

Mu goma sha ɗaya ne a teburin da aka yi don mutum shida. Ɗalibai biyu daga Texas, wata tsohuwa da ta shekara talatin tana aure a Holan, wani maƙwabci ɗan ƙasa, da ni. Ƙarfe biyar ba ta yi ba duhu ya rufa. Na nemi wuri na yi Magariba a ɗakin yara, tsakanin gado da kwandon kayan wasa, na fito na tarar suna jirana ba wanda ya taɓa cokali. Wannan ya burge ni.

Kafin a ci, sai da kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai. Tsohuwar nan ta fara magana a kan ƙanwarta da ke can, muryarta ta sarƙe, aka ba ta ruwa. Da aka zo kaina na ce alhamdu lillahi, na fassara musu, suka ce ya wadatar.

Batun abinci kuwa, gaskiya ɗaya ce. Talotalo nama ne mai girman kai da ƙarancin daɗi. Zabuwa ɗaya ta fi shi sau goma. Ƙirjin ya bushe, sai an kwarara masa romo. Akwai dankalin Turawa da aka dama da man shanu kamar tuwon da bai yi tauri ba, da wani jan haɗi mai tsami da zaƙi na 'ya'yan itacen kiranberi, wanda ɗanɗanonsa ke kusa da zoɓon da ke gorata. Na fito da yajin a ɗarare. Ɗaya daga 'yan Texas ya barbaɗa, ya tauna, ya miƙo hannu a ƙara. Kafin a tashi an ga gindin ƙullin. Kabewar nan kuma, wadda ni a miyar taushe na san ta, sai ga ta an haɗa da sukari da madara da kirfa an gasa a kan ɓawon fulawa. Loma ta farko ta ba ni mamaki, ta uku na daina gardama.

Ɗan masu gidan, mai shekara shida, ya ture farantinsa. Uban ya lallashe shi da Ingilishi, yaron ya amsa da yaren Holan: shi soyayyen dankali yake so. Maƙwabcin ya fashe da dariya, uban bai yi ba. Ya dube ni, na dube shi, allon tagullar nan na ɗazu na tsakaninmu.

Shida da rabi aka kunna talabijin don ƙwallon Amurka, ƙungiyar Detroit Lions da ta saba buga wasa a wannan rana tun 1934. Ban gane komai ba, sai ture-ture. Ana cikin haka waya ta yi ƙara, ga iyayen uwargida a hoto, can kuwa rana tsaka, nasu talotalon na cikin tanda da cinyoyinsa. Aka zagaya da wayar kowa ya gaisa, har ni. Yaron ya karɓa, ya gaida kakarsa da Ingilishi tas, ya ce mata ya cinye abincinsa duka.

Ƙarfe tara na sauko matakalar a hankali, da robar sauran nama a jaka da gorunan zoɓo babu komai ciki. A jirgi na kira Inna, na ce a samo mai zuwa Holan, yajin ya ƙare. Ta ce, "Wanda na ba ka na shekara guda? Kai da wa?"