Majigin Alhaji da Ɗakin Ƙwallon Lambu

Shekara goma sha biyu ke nan ina sana'ar ɗaura majigi a Katsina. Shagona ƙarami ne, ni da yara biyu, da tsani, da akwatin kayan aiki. Yawancin cinikina na masu gidan kallon ƙwallo ne, sai makarantu, sai ɗakunan taro, wani lokacin kuma masallatai idan azumi ya kama ana son a haska tafsiri ga waɗanda ke waje. Tsofaffinmu sun san majigi tun zamanin da mota ke zuwa da shi ƙofar fada a haska a jikin bango da daddare, sunan ne ya bi mu har yau, amma abin ya sauya ƙwarai.

A hunturun bara wani Alhaji da ke G.R.A. ya aiko direbansa ya ɗauke ni. Mutum ne da ya yi aiki shekaru a Kaduna da Abuja, a can ya kamu da son ƙwallon lambu, wato golf. Mu nan Katsina abin da muka gada shi ne ƙwallon dawaki, tun daga Sarki Dikko da ya shigo da folo har zuwa Sarki Usman Nagogo da sunansa ya zagaya duniya a kansa. Shi kuwa Alhaji nasa wasan na ƙasa ne, da sanda da 'yar farar ƙwallo. Ya yi ritaya ya dawo gida, gwiwa ta fara ciwo, rana ga zafi, sai ya ce yana so ya riƙa bugawa a cikin ɗaki.

Yadda abin yake: ana rataye wani labule mai kauri wanda aka yi shi musamman don ya sha bugu. Mutum ya tsaya a kan kafet mai kama da ciyawa, ya buga ƙwallo ta gaske ta daki labulen. Wata 'yar na'ura tana auna gudun ƙwallon da inda ta nufa, ta aika wa kwamfuta, kwamfuta ta zana fili, majigi ya haska a jikin labulen. Sai ka ga ƙwallonka ta ci gaba da tafiya a cikin hoto kamar kana filin golf na St Andrews a ƙasar Sikotland.

Na shiga na tarar da kwali a tsakar ɗaki, sabo fil. Ya ce, "Malam, ga majigin nan, daga Dubai na sa aka kawo. Mai 4K ne. Ɗaurawa kawai za ka yi."

Na juya kwalin na duba lamba ɗaya, wadda ita nake fara nema a kowane majigi kafin in kalli kuɗinsa. Mu a shago muna ce mata lambar jifa. Ita ke gaya maka nisan da majigi zai tsaya kafin hotonsa ya cika faɗin da kake so: ka ninka faɗin hoto da lambar, abin da ya fito shi ne nisan. Nasa 1.5 ne. Na fito da tef, yarona ya riƙe baki, muka auna. Tsawon ɗaki mita 6, faɗi mita 4 da rabi. Labulen da ya saya faɗinsa mita 3.6, tsayinsa mita 2.7.

Na ce, "Ranka ya daɗe, majigin nan mai kyau ne, amma ba na ɗakin nan ba ne."

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Mutum ya kashe kuɗi, ya jira kaya makonni, wani ya zo da tef ya ce ba zai yi ba. Shi ya sa ban tsaya dogon bayani ba. Na sa yaro ya ɗora majigin a kan tsani can jikin bangon baya, muka kunna, na ce Alhaji ya tsaya inda zai riƙa bugu. Inuwarsa ta fito ƙatuwa a tsakiyar labule, da hula da komai, ga hoton ma bai cika labulen ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, na gani."

A nan ne lissafin yake da tarko, kuma na ga ya kama mutane da yawa. Labulen golf galibi mai tsayi ne, don ƙwallo tana tashi sama. Na Alhaji siffar 4:3 ce, wato faɗi kashi 4, tsayi kashi 3. Majigin yanzu kuwa kusan duk 16:9 ne, masu faɗi irin na talabijin. Idan ka yi lissafi da faɗin labule, mita 3.6, hoton zai cika gefe da gefe amma tsayinsa ya tsaya wajen mita 2, sama ko ƙasa ya zauna fanko. Daga tsayi ake farawa. Kana son tsayi mita 2.7, to cikakken hoton 16:9 mai wannan tsayi faɗinsa mita 4.8 ne. Da wannan 4.8 ɗin za ka ninka lambar jifa, sannan a kwamfuta ka saita hoto ya zama 4:3, gefen da ya yi saura ya zama baƙi. Majigin Dubai zai buƙaci mita 7.2. Ko an fasa bango, inuwa tana nan.

Abin da ake nema shi ne majigi mai gajeren jifa, wanda lambarsa ke ƙasa da 1. Na nemo masa wani na kamfanin BenQ mai lamba 0.69 zuwa 0.83. Ka ninka 4.8 da 0.69, ka samu kusan mita 3.3. Ƙwallon Alhaji tana zaune mita 3 daga labule. Ke nan majigi zai rataya a sama, ɗan baya kaɗan da inda yake bugu, haske ya bi ta saman kansa ya sauka a labule ba tare da ya taɓa shi ba.

Sai maganar fitila ko lesa, kuma a nan na dage. Majigi mai fitila ya fi araha, amma fitilar tana yin sa'o'i dubu kaɗan ta dushe, kuma idan ka kashe shi fankarsa na buƙatar ɗan lokaci ta huce shi. A garinmu ana ɗauke wuta ba sallama. Na sha sauya wa masu gidan kallo fitila tun lokacinta bai yi ba saboda haka. Mai lesa ana rubuta masa kimanin sa'o'i 20,000, yana kamawa nan take, yana mutuwa nan take. Ga ƙura. Wanda bai buɗe majigin da ya ci hunturu biyu a Katsina ba bai san ƙura ba: tana shiga ta zauna a kan madubin ciki, hoto ya fito da ɗigo-ɗigo kamar ƙyanda. Na zaɓi wanda cikinsa a rufe yake. Haskensa lumen 4,000, domin labulen nan saƙa ce, ba ya mayar da haske kamar farin allo mai santsi, kuma dole a bar fitila kunne a inda ake bugu. Ƙasa da lumen 3,000 ba na ba da shawara a irin wannan ɗaki. Tagogi biyu mun rufe su da labule mai duhu.

Ranar ɗaurawa ban fara da huda sili ba. Na ce, "Alhaji, a ɗauko sandar da ta fi tsawo." Ya ɗauko wadda ake bugun nesa da ita, tsawonta ya haura mita ɗaya. Na sa ya yi ta lilo a hankali, ni ina kan tsani da alli ina sa alama a inda kan sandar ke kaiwa. A nan muka gane abu biyu. Fankar sama dole ta sauka, ba don sanda kaɗai ba: na'urarsa ta auna ƙwallo Garmin R10 ce, da rada (radar) take aiki, wato igiyar rediyo, ana ajiye ta kamar mita 2 bayan ƙwallo, kuma fanka mai juyawa tana iya rikita mata awo. Na biyu, silin filasta ya ci tsayin ɗaki. Muka kira mai aikin ya cire tsakiyar, muka samu mita 3.3 har kankaren rufin. A jikin kankare muka kafa ƙarfen rataye, don filasta ba ta riƙe nauyi.

Ana cikin haka ɗansa ya shigo daga makaranta, ya ɗauki sanda ya tsaya ta ɗaya ɓangaren. Ashe bahago ne. Da ban gani ba da na yarda a matsar da wurin bugu gefe guda don Alhaji ya samu sarari a bayansa. Sai muka bar kafet a tsakiya, majigi a tsakiya, muka sake gwaji da lilon yaron. Daga ranar na ƙara tambaya ɗaya a cikin waɗanda nake yi: akwai bahago a gidan?

Daidaita hoto ya ci mana yamma guda. Kowane majigi yana da maɓallin gyara kusurwa idan hoto ya karkace, kuma yarana suna son sa don yana saurin gama aiki. Ni ba na so. Yana matse hoto ne ya zubar da wani ɓangare, rubutu ya rasa kaifi. Gara ka sa idon majigi ya fuskanci tsakiyar labule sak, ka sauke shi zuwa kusan daidai bakin labule na sama, ka yi ta kwancewa kana ɗaurewa har kusurwa huɗu su zauna da kansu. Yarona yana ƙasa yana cewa, "Maigida, hagu kaɗan. A'a, ya yi yawa." Wuyana ya yi kwana biyu yana ciwo, amma layin ya miƙe.

Labulen mun bar masa tazarar kusan santimita 40 daga bango. Ƙwallon nan ba ta kai giram 46 ba, amma tana fita da gudun da ya wuce kilomita 200 a sa'a, idan labule ya manne da bango za ta dawo kan mai bugu. Duk da majigi yana baya, na sa mai walda ya yi masa keji na ƙarfe mai manyan ramuka don iska ta shiga. Zafin Afrilu a nan yana haura digiri 40, wanda shi ne iyakar abin da yawancin majigi ke jurewa, don haka na'urar sanyaya ɗaki ta zama tilas. Wutar majigi da ta kwamfuta mun bi da su ta inbatar sola ta gidan.

Bayan isha'i Alhaji ya ajiye ƙwallo, ya gyara tsayuwa, ya buga. Ƙara ta cika ɗaki, labule ya girgiza, ƙwallon ta ci gaba da tashi a cikin koren fili har ta sauka kusa da yashi. Ya juyo ya ce, "Malam, haka take kauce mini dama a Kaduna ma." Ya sake ajiye wata.

Majigin Dubai bai yi asara ba. Babban falonsa ya kai mita 8, can muka ɗaura shi, jikoki na kallon ƙwallon Turai a kai. Wata uku-uku nake zuwa in goge gilashi in duba ƙusoshi. A zuwana na ƙarshe na tarar da abokansa biyu suna jiran layi, ɗayan ya ce yana da ɗaki a Daura, in zo in gani. Na ce kada ya sayi komai tukuna, ranar Asabar zan shigo da tef.