Jirgin da aka sa na ɗora a hawa na huɗu

Ƙarshen wannan watan zan miƙa makullin motar ɗaga kaya in bar tashar ƙananan jiragen ruwa da nake aiki a gaɓar Tampa, a jihar Filorida. Ba korata aka yi ba, ni na ajiye da kaina, na kuma samu wani wurin. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun 2022, kuma yaranmu da ke shigowa wannan aikin sun cancanci su ji shi kafin ya same su.

Wanda ya taɓa shiga siton ajiye jirage irin na tasharmu ya san fasalinsa: gurabu na ƙarfe hawa-hawa har rufi, kamar kantar mai shago, kowane gurbi da jirginsa. Masu jirgi suna biyan kuɗi mai yawa don jirginsu ya kwana a bushe, ba rana, ba gishiri, ba gansakuka, ba sai an shafa wa cikinsa fentin hana ƙwarin teku maƙalewa ba. Mai jirgi ya kira, ka zura hannuwan motar ta bayan jirgin, ka sauko da shi, ka kai bakin ruwa ka sauke hannuwan ƙasa da dakali har ya yi iyo. Duk aikin a kan lamba ɗaya yake tsaye, wato nauyi. Kowane hawa da iyakar abin da zai ɗauka, motar ma ƙarfinta raguwa yake yi gwargwadon yadda ka miƙa ta sama da yadda nauyin ya yi nesa da jikinta.

Ranar Litinin 26 ga Satumba 2022 hasashe ya nuna guguwar Ian Tampa ta nufo. Hukuma ta fara ba da umarnin a tashi daga unguwannin bakin ruwa. Waya ba ta huta ba. Har waɗanda jiragensu ke kwana a ruwa duk shekara suka ce a shigar musu da su sito, ko nawa ne za su biya. Oganmu bai mayar da kowa ba. Zuwa yammacin Talata hawa na ɗaya da na biyu sun cika, na uku saura kaɗan, ga jirage jere a bakin dakali suna jira.

Cikinsu akwai wani farin jirgin kamun kifi, tsawonsa ya haura ƙafa 30. Takardar da ke ofis ta ce injinsa biyu. Da na zagaya bayansa na ga uku, sababbi fil, kowane mai ƙarfin doki 300. Irin wannan injin guda ɗaya ya kai kusan kilo 250. Mai jirgin kuma ya cika tankinsa taf, don kowa ya san bayan guguwa fetur wahala yake yi. Tankin galan 300 ne, galan ɗaya kuwa ya kusa kilo 2.8, ka ga fetur kaɗai ya haura kilo 800. Ga ƙanƙara a akwatunan kifi, ga ruwan sha. Nauyin da ke takarda na jirgi ne ba komai a cikinsa, yadda ya fito daga kamfani.

Ina ɗaga shi daga ruwa na ji a ƙuguna. Duk wanda ya daɗe a kan kujerar nan ya san yadda bayan motar ke yin sakayau, sitiyari ya yi laushi a hannu. Na tsaya na kira Oga a oba-oba, na ce, "Oga, wannan ya fi abin da ke takarda, kada ya wuce hawa na biyu. A bari in sauya shi da wani ƙarami." Sauyin zai ci kamar minti 20. Ya ce ba mu da minti 20, ya shekara yana wannan aiki tun kafin in zo Amurka, in kai shi na huɗu. Na sake faɗa. Ya ce in ɗora ko in sauka wani ya hau. Mutum huɗu ne a kan layin oba-oban, duk sun ji.

Na ɗora. Na lallaɓa shi a hankali har ya zauna a kan katakan gurbin, na zare hannuwan, na ji ƙarfen ya yi wata 'yar ƙara. Muka rufe ƙofofi muka watse.

Ranar Laraba Ian ta kauce wa Tampa, ta faɗa wa yankin Fort Myers da ke kudu da mu da iska mai gudun kusan kilomita 240 a awa. Can an yi asarar rayuka da dukiya, Allah ya kyauta. Mu a Tampa ruwan ma janyewa ya yi, har mutane suka riƙa tattaki a kan laka inda da teku ne. Ko kwano ɗaya bai ɗaga daga rufin sitonmu ba. Amma da muka buɗe, ƙarfen da ke ɗauke da farin jirgin ya lanƙwashe, jirgin ya zame ta baya, ƙafar injin tsakiya ta huda rumfar jirgin da ke ƙarƙashinsa ta farfasa gilashinsa. Da a ce iska ta taɓa ginin, da an ɗora wa guguwa, inshora ta biya, kowa ya huta. Tun da ba ta taɓa ba, dole a nemo mutum.

Aka kira ni ofis, ga Oga, ga wata mata daga hedkwata, ga rahoto an riga an buga. Jimla ɗaya ce a ciki ta shafe ni: direba bai tabbatar da nauyin jirgi ba kafin ya ɗora. Na dubi Oga, ya dubi kwamfutarsa. Mu an rene mu ba a ƙaryata babba a gaban baƙo. Na sunkuyar da kai, na ce a raina in mun fita zan same shi mu biyu ya gyara. Matar ta ɗauki shiruna a matsayin na amsa laifi, haka ta rubuta. Aka tura ni gwajin ƙwaya, ni da ko taba ban taɓa sha ba. Aka sauke ni daga motar, aka mayar da ni wankin jirage da ɗauraye injuna, albashin awa ya ragu. Da na same shi daga baya cewa ya yi bai tuna mun yi wannan magana ba, ranar da hayaniya.

Mutum huɗun nan ba wanda ya buɗe baki. Ɗaya yana jiran takardunsa, ɗaya matarsa na da tsohon ciki. Na yi musu uzuri, amma ba zan ce na manta ba. Da na kai kuka wurin wani dattijonmu a masallaci, ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, Allah na gani." Gaskiya ya faɗa, na kuma yi haƙurin. Sai dai a ƙasar nan fayil ake buɗewa idan za a ƙara wa mutum matsayi, kuma jimlar nan tana cikin nawa har gobe.

Bayan wata da watanni suka mayar da ni kan motar, don ba su da wanda ke shigar da jirgi mai faɗi gurbinsa ba tare da ya goge gefe ba. Daga ranar, duk umarnin da na ga ya saɓa wa lambar da ke manne a jikin ƙarfe, sai in tura wa Oga saƙon tes: jirgi kaza, nauyinsa a ganina kaza, ka ce in kai hawa kaza, ka tabbatar. Ban taɓa samun amsar "na tabbatar" ba. Kullum sai wuri ya samu a ƙasa.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Ka ƙirga injuna da idonka, ka duba ma'aunin mai, takarda ta zo daga baya. Kada jirgi ya taɓa ruwa sai ka sa hannunka ka ji marfin ramin tsiyayar ruwa a ɗaure, ko da mai jirgin ya rantse ya ɗaura. Ka kashe batir kafin ka ɗora, don fetur da faiba, wato abin da ake ƙera jikin jiragen da shi, ne jibge a rufaffen wuri, wuta in ta kama a hawa na huɗu ba mai kai mata. Ka kwantar da eriya. Mai jirgin da ya fi ba da tukuici shi ne zai fi matsa maka ka yi sauri.

Yaron da zai gaje ni ɗan Haiti ne, hannunsa na da kyau, sai dai yana da irin kunyarmu. Na zaunar da shi na nuna masa saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya a wayata, na sa ya kwafi yadda nake tsara su. Ogan yana nan, an ma ƙara masa girma bara, yanzu tashoshi biyu yake dubawa.