Ƙanena, kafin ka bar hostal ka tare a gidan firataniti

Wannan rubutun naku ne ƙannena da kuka samu gurbin karatu a Amurka ko kuke kan nema, musamman masu tafiya digirin farko da shekara 18 ko 19 a duniya. Ba za ku yi sati biyu da sauka ba za ku ga tebura an jera a tsakar makaranta da tutoci masu haruffan Girka, ana raba fiza da riguna kyauta, samari masu fara'a suna ce muku ku leƙo gidanmu da yamma. Su ne ƙungiyoyin 'yan'uwantakar ɗalibai, firataniti na maza da sororiti na mata. Ni na shiga ɗaya tun zangona na farko, shekara ta biyu kuma na kwashe kayana daga hostal na tare a gidansu, kuma da za a maido ni baya ba haka zan yi ba. Ba wai don mugayen mutane ne ba, wasu a cikinsu har yau muna gaisawa, don dai na yanke hukuncin ne a lokacin da ban san komai ba sai kaɗaici.

Bari mu fara da abin da Umma za ta fara tambaya. A'a, ba ƙungiyar asiri irin ta jami'o'in Najeriya ba ce, duk da cewa tushen sunan ɗaya ne, don Pyrates ɗin da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 ma da sunan 'yan'uwantakar ɗalibai ta fara kafin waɗanda suka biyo baya su mayar da abin na sara da bindiga. Ta Amurka a fili take, makaranta ta san da ita, akwai ofishin da ke sa mata ido, gidan ma ga haruffansu nan manya a jikin bango. Tsohuwar al'ada ce, Phi Beta Kappa tun 1776 aka kafa ta a kwalejin William and Mary, irin ta zaman tare da muke gani yanzu kuma ta taso ne daga Union College ta jihar New York a 1825. Toh amma ni duk da na san wannan ban gaya wa kowa a gida na shiga ba, sai da na fita suka ji, kuma abin da ka kasa faɗa wa mahaifiyarka a waya ya kamata ka tsaya ka sake dubansa.

Abin da ya kai ni shi ne hostal ya ishe ni tun watan farko. An haɗa ni ɗaki da wani yaro da ba ruwansa da ni, daga aji sai gem da abin kunne a kansa, in na shimfiɗa sallaya sai ya fita kamar na kore shi, ga sanyi ya fara shigowa, ga abincin dainin ba yaji ba ɗanɗano, na buga waya gida an yi barci saboda bambancin lokaci. Sai ga wasu sun riƙe sunana daidai, suna zuwa ɗaukata a mota, suna tambayata labarin Najeriya kamar da gaske ya dame su. Wlh duk wanda ya ce a wannan halin zai yi lissafi da kyau bai taɓa zama baƙo ba. Kuma su ma sun sani, shi ya sa a makarantu da yawa ake yin satin zawarcin sababbi a farkon shekara. Wasu makarantun sun ɗage shi zuwa zango na biyu, in taku tana cikinsu ku gode wa Allah.

Maganar kuɗi ita ce ta fara ba ni kashi. Abin da aka gaya min a baki kuɗin memba ne na zango, ɗaruruwan daloli, na lissafa na ga in na matse zan iya. Ba a gaya min akwai kuɗin sabon shiga daban ba, da kuɗin rantsarwa, da na bajo, da rigar da ake bugawa kusan duk wani taro, da kwat da kuɗin otal na babban dinan ƙarshen shekara, sannan ga tara, ka makara taron mako a ci ka tara, ka ƙi zuwa share gida ranar Lahadi a ci ka tara. Abokanka 'yan ƙasa in abu ya matse su sai su nemi aiki a gidan abinci a cikin gari ko baba ya turo, kai kuwa mai bizar ɗalibi ta F-1 aikin cikin makaranta kawai aka yarda maka ba tare da izini na musamman ba, shi ma kada ya wuce awa 20 a sati lokacin da ake karatu. In kuwa daga gida ake turo maka, ka san kowace dala nairori nawa ta cinye kafin ta iso.

Babban kuskuren dai shi ne tarewa a gidan. An nuna min a takarda cewa hayar gidan ta fi hostal araha, kuma ba ƙarya suka yi ba, abin da ban bincika ba shi ne sikolashif ɗina ɗakin makaranta da katin abincin makaranta yake biya kai tsaye, ranar da na fita daga hostal wannan kason bai biyo ni ba. Ba kowane sikolashif ne haka ba, wani yana bin ka duk inda ka koma, shi ya sa nake ce muku ku je ofishin tallafin kuɗi da ƙafarku ku tambaya kuma ku ce a rubuto muku amsar ta imel. Sannan yarjejeniyar da na sa wa hannu ta shekara guda ce cur, kuma ba da makaranta na yi ta ba, da kwamitin tsofaffin membobi masu gidan na yi, su kuwa ba ruwansu da wai ka canza ra'ayi a watan Nuwamba.

Sai lokaci. Kafin a rantsar da kai akwai makonnin gwaji, wanda ya yi makarantar kwana ya san zaman jiniya a hannun siniyoyi, toh kusan haka ne sai dai a nan kai ka biya kuɗi aka yi maka. Waya ta yi ƙara ƙarfe biyun dare a ce ka zo yanzu, haddar sunayen waɗanda suka kafa ƙungiya da shekarunsu, goge ƙasa bayan fati. Ni ba a taɓa dukana ba, ba a kuma tilasta min shan giya ba, na faɗa musu tun farko ba na sha suka ce ba komai har suna yaba min. Daga baya na gane dalilin murnar. Duk fati ana buƙatar wanda idonsa biyu, mai tsaron ƙofa, mai mayar da mutane gida a mota, mai tare wanda zai yi amai a kan kujera, kuma tunda ga wanda ba ya sha ai an huta da rabon aiki. Na zama direban dindindin. Daren Alhamis da Juma'a da Asabar ba nawa ba ne, asuba kuwa sai dai in rama ta da hantsi, GPA ɗina, wato matsakaicin makina, ya yi ƙasa a daidai shekarar da kwasa-kwasan suka fara zafi.

A nan ne nake so ku buɗe kunne sosai. Dokar Amurka sai ka kai 21 za ka sayi giya, kuma galibin waɗanda ke cika ɗakin ƙasa na gidan nan ba su kai ba. In 'yan sanda suka zo, wa za su yi wa magana? Wanda ke tsaye a ƙofa da hankalinsa. Wani dare ni ne a wurin, aka karɓi katina aka rubuta sunana, Allah ya rufa asiri abin ya tsaya a gargaɗin makaranta, amma ban yi barcin kirki ba har aka rufe maganar. Ɗan ƙasa in an kama shi babansa zai ɗauki lauya, a biya tara, shekara ta zagayo ya zama labarin dariya. Kai kamu ɗaya na iya jawo a soke bizarka, in kuma makaranta ta dakatar da kai ka faɗi ƙasa da cikakken lodin karatu, wanda a digirin farko kiredit 12 ne a zango, zamanka a ƙasar ma ya shiga matsala. Suna kiranka ɗan'uwa da zuciya ɗaya, amma ranar da abu ya ɓaci ba hukunci ɗaya ke jiranku ba, kuma yawancinsu ba su ma san haka ba.

Kada kuma ku ɗauka azabtar da sababbi tatsuniya ce don ni na tsira. A Fabrairun 2017 wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya mutu a Jami'ar Penn State bayan an ɗura masa giya a daren karɓar sababbi ya faɗo daga matakala, aka bar shi kwance awanni kafin a kira motar asibiti. Jihar Pennsylvania ta tsaurara dokarta a 2018 saboda shi, a Disamban 2024 kuma Biden ya sa hannu a dokar tarayya da ta tilasta wa makarantu su riƙa bayyana ƙungiyoyin da aka samu da wannan laifin. Ma'ana yanzu kafin ka je gidan kowa cin fiza za ka iya shiga shafin makarantarku ka duba ko an taɓa hukunta su. A lokacina ko tunanin dubawa ban yi ba.

Zan yi musu adalci fa. Intanshif ɗina na farko, wato aikin koyon aiki, wani tsohon memba ne ya miƙa takarduna, hutun Thanksgiving da makaranta ta zama kufai wani ya tafi da ni gidansu mahaifiyarsa ta nemo min naman halal da kanta, kuma a taron mako na koyi yadda Ba'amurke yake gardama a kan kasafin kuɗi ba tare da an ɓata ba. Waɗannan duk gaskiya ne. Sai dai ba ɗaya a ciki da ya buƙaci in kwana a gidan.

Ke kuma ƙanwata lissafinki ya ɗan bambanta. Gidajen sororiti na babbar ƙungiyarsu ta ƙasa ba a yarda da giya a ciki ba, akwai babbar mace mai kula da gida, akwai mai dafa abinci, maza ba sa hawa sama yadda suka ga dama, ta wani fannin ma sun fi wasu hostal ɗin kamun kai. Amma kuɗinsu ya fi yawa sau da dama, ga ankon kaya kusan kowane taro, kuma shagalinsu a gidajen samarin ake yinsa. Ki kuma kalli hoton membobinsu da kyau ki ga ko akwai mai kama da ke, don a Jami'ar Alabama sai a 2013, bayan jaridar ɗalibai ta tona yadda ake ƙin ɗaukar baƙaƙen mata, sannan aka buɗe ƙofa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sai da na riga na shiga na san akwai wasu irin. Baƙaƙen Amurka suna da nasu guda tara, Alpha Phi Alpha da aka kafa a Cornell a 1906 ita ce ta Martin Luther King, Alpha Kappa Alpha ta 1908 a Howard ita ce ta Kamala Harris, Phi Beta Sigma kuma Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk sun shige ta lokacin da suke karatu a can. A makarantu da yawa waɗannan ba su da gidan kwana, kana hostal ɗinka kana memba, kuma galibi sai ka yi zango ka nuna makinka kafin su saurare ka. Su ma ba a rasa su da nasu laifin azabtarwar ba, a bincika. Har ta Musulmi akwai, Alpha Lambda Mu da aka fara a Jami'ar Texas da ke Dallas a 2013, sai dai ba kowace makaranta take ba. Ga kuma MSA ta ɗalibai Musulmi da ƙungiyar ɗaliban Afirka, waɗanda ba sa cin kowa tara.

Hostal ba aljanna ba ce, kar ku ce na ce. Za a kalle ka in ka shiga banɗaki da buta, za a yi ƙorafin ka jiƙa wurin wanke hannu da alwala, abokin ɗakinka na iya kawo budurwarsa ta kwana, wani benen maza da mata ne a haɗe, da azumi dainin na iya rufewa kafin a sha ruwa alhali ka riga ka biya, a hutun Disamba kuma wasu hostal ɗin kulle su ake yi ka nemi inda za ka. Bambancin shi ne kowace ɗaya a cikin waɗannan tana da ofishi da fom. Ana canza ɗaki, ana neman benen jinsi ɗaya, ana roƙon a ɗaure maka abincin sahur da buɗa baki, ana cike takardar zama lokacin hutu, kuma akwai RA, ɗalibin da makaranta ta ɗora a kan benenku, aikinsa ke nan ya saurare ka. Ni ban nemi ko ɗaya ba, na zauna ina ƙunci har na gudu. A gidan firataniti kuwa in kiɗa ya hana ka barci ƙarar wa za ka kai, wurin waɗanda suka kunna? Aikin RA ɗin nan ma a makarantu da yawa ɗaki kyauta ake ba mai yinsa, wani wurin har da abinci, wani ɗan Ghana da muka zo tare shi ya bi wannan hanyar ya huta da kuɗin ɗaki, ni ina can ina tuƙa bugaggu.

Don haka shekarar farko ku zauna a hostal, dama makarantu da yawa dole suke sa wa. Ku je cin fizar, ku shiga gidajen, ku koma ranar Lahadi da safe ba tare da sanarwa ba ku ga yadda kicin da banɗaki suke. In har a shekara ta biyu abin yana ranku, ku ce a ba ku jimillar kuɗin shekara a rubuce har da tara, ku tambaya ko dole ne memba ya kwana a gidan don wasu suna wajabta shekara ɗaya, ku nemi wanda ya fita daga cikinsu ku ji ta bakinsa, sannan ku biya ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje ku faɗa musu abin da kuke shirin yi.

Wanda kuma ya riga ya shiga yana son fita, kada ka ɗauke ƙafa kawai ka daina zuwa kamar yadda na yi, kuɗin memba ci gaba yake da hauhawa a kanka kuma wasu suna miƙa bashin ga kamfanin karɓar bashi. Ka rubuta takardar fita, ka tura wa shugaban reshe da hedikwatarsu ta ƙasa, ka ajiye amsar da suka ba ka. Hayar gida kuwa sai dai ka samo wani memban da zai gaji ɗakinka, in ba haka ba za ka biya har watan da yarjejeniyar ta ƙare.