Wasiƙa daga Timmins: jar igiyar da ke kashe inji

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida,

Ina gaishe ku daga Timmins, garin masu haƙar zinariya a arewacin Ontario, ƙasar Kanada. Ina fatan kuna lafiya, ya hunturu, ya ƙura? Mu nan da safiyar yau ma'aunin sanyi ya sauka zuwa 31 ƙasa da sifili, irin sanyin da gashin hanci ke daskarewa tun kafin mutum ya kai bakin mota. Na daɗe ina son rubuto muku a kan wata 'yar igiya ja, tsawonta bai wuce kamu biyu ba idan an miƙe ta. Da farko za ku ga kamar zancen bai shafe ku ba, tunda ba ƙanƙara a Yawuri. Ku dai yi haƙuri ku bi ni, zancen zai iso bakin kogi.

Aikina yana kai ni daji, inda muke ɗebo samfurin ruwa da ƙasa don awo. Da rani mota ce ke kai mu. Daga Disamba zuwa Maris kuwa, da zarar dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin daji, sai babur ɗin ƙanƙara. A gaba, maimakon taya, alluna biyu ne dogaye masu zamewa a kan ƙanƙara. A baya kuma wani faffaɗan bel ne na roba mai haƙora, yana juyawa kamar sarƙar katafila, shi ke tura shi. Nauyinsa ya haura kilo 200, manyan cikinsu kuma suna wuce kilomita 150 a awa idan an sake musu, duk da cewa dokar Ontario kilomita 50 ta yarda da shi a kan hanyoyin da aka ware musu. Mutanen nan kowane iri suka gani sai su ce Ski-Doo, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo. Sunan ya samo asali ne daga Valcourt, wani ƙaramin gari a lardin Kebek na Kanada, inda wani bakanike, Joseph-Armand Bombardier, ya fito da shi a 1959. A hunturun 1934 ɗansa ƙarami ya rasu saboda ƙanƙara ta toshe hanya an kasa kai shi asibiti, shi ya ƙara masa himmar ƙera abin da zai iya tafiya a kanta. Abin da aka ƙera don ceton rai ke nan, ina tuna wannan duk lokacin da na hau.

Totur ɗinsa ba murɗawa ake yi ba kamar na acaɓa. Wani ɗan harshe ne a hannun dama, da babban yatsa ake danna shi. Birki yana hagu. Ba ka sa giya, ba ka kama kulochi. Da zarar ƙarar inji ta hau zuwa wani mataki, kulochin da kansa zai cafki bel, abin ya zabura. Wato duk abin da ya danna wannan harshe, ko yatsanka ne, ko reshen itace, ko tudun ƙanƙara, babur ɗin ba ya tambaya. Kusa da shi akwai jan madanni na kashe inji, kuma yana aiki sarai, matuƙar hannunka yana wurin.

To idan hannunka ba ya wurin fa? Nan igiyar ta shigo. Gefe ɗaya nata yana da 'yar hula da ake kifawa a kan wani ɗan turke kusa da kan babur, ɗaya gefen kuma yana da ƙugiya da ake maƙalawa a jikin direba. Muddin hular tana zaune, inji yana da wuta. Ka faɗi, jikinka ya yi nisa, igiya ta miƙe ta fizge hular, wutar fulogi ta yanke, inji ya mutu nan take. A Ski-Doo hular ita ce makullin ma baki ɗaya, akwai 'yar na'ura a cikinta da injin ke ganewa, ba ya tafiya da hular wani. Wasu kamfanonin ba kowane samfuri suke sa wa ba, sai mai shi ya saya bakanike ya ɗaura masa.

Shekarata ta biyu a nan, cikin watan Fabrairu, muka fita mu biyu zuwa wani tafki da ke nesa da titi. Abokin tafiyata dattijo ne ɗan ƙasa, ya haura sittin, ya girma a kan wannan abin hawa. Tun da asuba na tayar da nawa don ya ɗumama, na naɗe igiyar a kan babur kamar yadda na ga samari da yawa suna yi, na koma ciki na sha shayi. Da na fito na hau kawai. Hular tana kan turkenta, inji yana aiki, ƙugiya tana lilo a gabana, ba ta maƙale da komai ba.

Mun bar babbar hanya mun shiga tsakanin itatuwa, inda dusar ta kai ƙugu kuma ba wanda ya taka ta. A wani gangare allon hagu ya hau kan kututturen da ƙanƙara ta binne. Ban ankara ba sai na ji ni a ƙasa, babur ya kife a gefen dama, ya danne min ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa. Hannun dama na babur ya nutse cikin ƙanƙara, ita kuma ta danna totur har ƙarshe. Ƙarar da injin ya yi ban taɓa jin irinta ba. Bel ɗin baya yana juyawa a iska, tazararsa da cinyata ba ta fi tafin hannu ba, yana watso min ƙanƙara a gilashin hular kwano har na daina gani. A jikin bel ɗin akwai ƙusoshin ƙarfe da ake dasawa don kama santsi. Jan madannin yana can ƙarƙashi, a binne tare da totur. Na miƙa hannu na kasa kaiwa ga igiyar. Babur ɗin kuma yana motsi kaɗan kaɗan, yana neman ya sami abin takawa. Ina ta salati a cikin hula.

Dattijon nan ya diro daga nasa, ya kutso cikin dusar yana faɗuwa yana tashi, ya kai hannu ya fizge hular. Shiru ya sauka a dajin. Ya ɗaga babur ɗin na zare ƙafa, ba karaya, sai targaɗe da wando da ya yage. Bai yi min faɗa ba. Ya ɗauki ƙugiyar, ya nemo zoben ƙarfe da ke gaban rigata, wanda ban taɓa sanin amfaninsa ba, ya maƙala ta, ya ja sau biyu ya ga ta kama. Ya ce, "Wannan zoben don ita aka ɗinka shi." Sannan ya ce mu zauna in huce kafin mu ci gaba.

Abin da na fahimta a ranar shi ne, igiyar da aka naɗe a kan babur da wadda babu ita duk ɗaya ne. Har ma ta fi muni, domin tana sa ka ji kamar kana da kariya. Injiniyoyi sun yi wasu dabarun: akwai na'urar da ke rage wa inji ƙarfi ko ta kashe shi idan ka saki totur amma wayarsa ta daskare ta ƙi komawa, abin da ke faruwa idan danshi ya shiga ya zama ƙanƙara. Amma wannan na'urar ba ta da yadda za ta gane bambancin yatsan mutum da tudun ƙanƙara. A wurinta totur a danne yake, shi ke nan. Igiyar ce kaɗai ke sanar da inji cewa mai shi ba ya kai.

Kuma ba direba kaɗai abin ya shafa ba. A watan Janairu 2013, a gasar wasannin kasada ta X Games da aka yi a Aspen ta Amurka, wani ɗan wasa ɗan Ostareliya, Jackson Strong, ya rabu da babur ɗinsa a sama lokacin da yake wasan tsalle. Babur ɗin ya dira, totur ya maƙale, ya yanki hanya ba kowa a kai ya nufi wajen 'yan kallo, mutane suka watse da gudu. Ku ƙiyasta ƙarfe mai kilo 200 da wani abu yana gudu ba mai riƙe da shi. A kan tafkin da ya daskare, inda babu itace ko tudu da zai tare shi, zai yi ta tafiya har sai ya ci karo da wani abu, kuma a kan tafkunan nan akwai bukkokin masu kamun kifi da iyalansu. Ko bai bugi kowa ba, an bar ka a ƙasa cikin sanyin 30 ƙasa da sifili, abincinka da ashanarka da wayarka suna cikin jakar da ta tafi.

Na ji uzurori iri iri, wasu ma ba na raina su. Masu hawan tsaunuka a tsaye suke tuƙi, suna tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, kuma wani lokaci gwiwa ko hannu kan fizge igiyar ba da niyya ba, inji ya mutu a tsakiyar hawa. Wannan haɗari ne na gaske. Amma maganinsa a daidaita tsawon igiyar da inda aka maƙala ta, a bi da ita ta inda ba za ta harɗe da kan babur ba. Wasu kuma su ce da safar hannu mai kauri maƙala ƙugiya wahala ne. Haka ne, sai ka cire safar, yatsu su yi zafi na 'yan daƙiƙu. Na yarda da wannan zafin. Wanda ba na karɓa shi ne mai cewa shi gwani ne, ba ya faɗuwa. A gasar tsere, inda gwanaye suke, doka ce sai da igiya a jiki. Akwai kuma wani ɗan uwa Musulmi da muke sallar Juma'a tare, da na ba shi labari ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na ce gaskiya ne, amma ai an ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Yanzu kafin in tashi, ina maƙala ta a zoben riga. Ba na sa ta a marikin zik, domin ya kan tsinke ya bar hular a zaune. Ina danna totur in saki sau biyu ko uku kafin in tayar, in ji yana dawowa da kansa. Idan inji ya tashi sai in fizge hular da gangan in ga ya mutu, in mayar. Roba tana tsufa a sanyi, igiyar da ta fara tsagewa ko ta saki sai a canza ta. Ina kuma tuna wa kaina cewa ita ba birki ba ce: inji ya mutu, babur zai ci gaba da zamewa, musamman a gangare. Ba ta hana ƙanƙarar tafki fashewa da mutum, ba ta gyara tuƙin wanda ya sha giya, ba ta maye gurbin hular kwano. Abu ɗaya take yi, kuma babu wani abu a jikin babur ɗin da ke yin sa in ba ita ba.

Ga inda zancen ya iso gida. Na girma a bakin kogin Kwara, na shiga kwale-kwale mai inji ba adadi, daga Yawuri zuwa kasuwannin tsallake. Sai a nan, ina jinyar ƙafa, hoton ya dawo min: wata jar igiya mai lanƙwasa kamar wayar tsohuwar tarho, naɗe a marikin injin, ta koɗe saboda rana. Ina yaro na ɗauka ado ce. Ita ce dai wannan igiyar. Injin jirgi ma ya fi babur ɗin ƙanƙara buƙatarta, domin totur ɗinsa murɗawa ake yi kuma yakan tsaya inda aka bar shi. Idan igiyar ruwa ta jefa direba, ko jirgi ya bugi kututture a tafkin Kainji ya wurga shi, marikin sai ya karkata gefe guda, jirgin ya riƙa zagaye da gudu yana dawowa daidai inda mutumin ya faɗa, farfela tana juyawa. Haka ya faru a Padstow ta Ingila a watan Mayu 2013: iyali guda suka zube a ruwa, jirgin ya yi ta kewaya su, uba da 'yarsa suka rasu, kuma bincike ya nuna ba a ɗaura igiyar a jikin direba ba. A Amurka, tun 1 ga Afrilu 2021, doka ta wajabta amfani da ita a ƙananan jirage da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna gudu.

Ba ina cewa ita ce maganin manyan masifun da ke samun mu a ruwa ba. Haɗarin jirgin ruwan da ya faru kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayu 2021 har yanzu yana min ciwo, kuma irin wannan maganarsa ta lodi fiye da kima ce, da tsofaffin jirage, da rashin rigar ruwa. Amma waɗannan suna buƙatar kuɗi da hukuma. Igiyar kuwa tana nan a jikin injin da yawa daga cikinku, ta zo tare da shi a kwali.

Don haka ina roƙon direbobin jirgi, da masu jirage, da shugabannin tasha: ku warware ta daga mariki. Direba ya zagaya ta a cinya sama da gwiwa ya maƙala ƙugiyar a jikin igiyar, ko ya sa ta a rigar ruwa idan yana da ita. Ku gwada ta a bakin gaɓa kafin lodi, a fizge a ga inji ya mutu. Idan an taɓa ɗaure makunnin da waya ko roba don kada ya riƙa kashewa, a kai wa bakanike ya mayar da shi yadda yake. A ajiye ta biyu a jirgi, a nuna wa yaron jirgi inda take, domin idan direba ya faɗa ruwa da tasa a jiki, sai da wata za a tayar da inji a koma a ɗauko shi. Ku fasinjoji kuma, ba rashin kunya ba ne ku ce, "Malam direba, don Allah ɗaura igiyar."

Kawu, na san za a karanta maka wannan a tasha. Na sa sababbi guda biyar a cikin saƙon da zan ba mai zuwa gida bayan sallah, ɗaya taka, sauran ka raba wa abokan aikinka. A duba a ga sun dace da irin injinku, domin bakin kowane kamfani daban yake. Idan ba su shiga ba a aiko min da hoton makunnin in nemo daidai.

A gaida Inna da yara, a gaida mutanen bakin ruwa baki ɗaya.

Naku,
ɗan uwanku a Timmins