"Ba damuwa Hajiya, ku zo kawai": yadda fitar sallarmu ta kasance bana

Sati uku kenan da ƙaramar sallah amma wallahi har yanzu in na tuna Hajiyarmu tsaye a gindin matattakalar nan riƙe da sandarta sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Ni ce na kawo shawarar. Duk shekara a gidan Hajiya a Gwammaja muke haɗuwa washegarin sallah, mu mata mu wuni a kicin ana tuyar waina ana haɗa miyar taushe, kafin a gama wanke-wanke an kira magariba ko hirar kirki ba a yi ba. Bana na ce dan Allah a huta, kowa ya kawo kasonsa mu fita gidan abinci a kawo mana muna zaune. Mu 17 ne har da yara da ƙawata da maigidanta. Yaya ya ce to ke za ki nemo wajen.

Na nemo kuwa, wani waje a Nasarawa GRA, a Instagram na gan shi, hotuna masu kyau ga wajen wasan yara. Tun azumi na 25 na tura musu saƙo ta WhatsApp na ce mu 17 ne, ƙarfe biyar na yamma, a haɗa mana tebur ɗaya. Aka amsa min "ba damuwa Hajiya ku zo kawai". Shikenan na kwantar da hankalina a kan wannan layi ɗaya. Ban tambayi sunan wanda ya amsa ba, ban ba da kafin alƙalami ba, kuma abin da ya fi ci min rai ban taka ƙafata na je na ga wajen ba, alhali daga gidana a Tarauni ko minti goma sha biyar ba za a yi ba.

Ranar kun san yadda Kano take, tun daga Ƙofar Mazugal muke rarrafe, autarmu kuma da ta taso daga Sheka ta maƙale a Zoo Road cikin adaidaita sahu da yara masu zuwa gidan zoo. Shida saura muka iso. Na je wajen manaja na faɗi sunana, ya buɗe littafi ya duba sama ya duba ƙasa ya ce babu. Na nuna masa saƙon a wayata, ya ce ai wani yaro ne yake riƙe musu shafin kuma yau ma bai zo ba, su ranar sallah wanda ya biya rabin kuɗi kawai suke rubutawa. Na ce to me ya hana a faɗa min haka tun ranar? Sai haƙuri yake ta ba ni, ya ce ƙasa ta cika amma akwai waje a sama.

Sama fa. Bene mai tsayi babu lifta, Hajiya kuma shekara ta uku kenan tana fama da gwiwa, sallah ma a kujera take yi. Ta ɗaga kai ta kalli matattakalar ta kalle ni ta ce "ku hau ku ci abinku, ni sai in jira ku a mota, ai da iska". Ba faɗa ba komai, a hankali ta faɗa. Da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Matar da aka shirya fitar saboda ita, ta sa sabuwar atamfarta ta sha lalle tun jajibere, ita ce za ta zauna a mota.

Yaya ya ce wallahi ba za a yi haka ba. Muka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa kusan minti arba'in, yara suna ta ƙorafin yunwa, sai wani bawan Allah da ke zaune da iyalinsa ya lura, ya tashi ya ce Baba ta zo ta zauna su za su koma sama. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. To amma teburin na mutum shida ne, haka aka raba mu, shida a ƙasa sha ɗaya a sama, ni ina ta hawa da sauka. Haɗuwar da aka fito dominta ba a yi ta ba, ko hoto ɗaya ba mu ɗauka gaba ɗaya ba.

Sauran abubuwan duk da na je da ƙafata da na gan su. Magariba ta yi, maza suka fita masallacin layin, mu mata babu inda aka ware mana, a wani lungu kusa da kicin muka shimfiɗa ɗankwali ɗaya bayan ɗaya. Tuwon shinkafar da na gani a hoto wai tun azahar ya ƙare, sai firai rais da shawarma, Hajiya ta ɗan taɓa farfesun kifi yaji ya yi mata yawa ta ajiye cokali. Da bil ya zo abinci 210,000 ne kamar yadda na lissafa, sai ga harajin VAT na kashi 7.5 ga kuma kuɗin sabis kashi 10, ya tashi 246,750. Na riga na faɗa wa kowa kasonsa, da wane bakin zan koma in ce a ƙaro? Ni na cike 36,750 ɗin. Shi harajin dai na san doka ce, amma na sabis ko a jikin takardar farashinsu ban gani ba.

Kuɗin ba ya damuna kamar maganar motar nan. Shi ya sa duk wacce ta ce min za ta fitar da dangi da sallah abu na farko da nake ce mata shi ne dan Allah ki je da kanki, ranar da babu cunkoso, ki kalli wajen da idon wadda ta fi kowa tsufa a cikinku. Ki ga daga inda ake fakin zuwa tebur taku nawa ne, ki leƙa banɗaki, ki tambayi inda mata suke sallah. Ki zauna da manaja ba mai riƙe waya ba, ki biya wani abu a ba ki rasit da kwanan wata da lokaci da adadin mutane, ki sa a rubuta a ƙasa ne teburin. Ki ce a faɗa miki farashi har da haraji da sabis. In akwai tsoho ki yi odar tuwonsa tun ranar a ajiye masa. Kuma ki sa lokaci bayan azahar, biyar ta yi kusa da magariba kuma lokacin garin yake cushewa. "Ku zo kawai" ba kama waje ba ne, kowa ma haka ake ce masa.

Asabar ɗin da ta wuce na je wani wajen a Bompai saboda babbar sallah, na ga manajan ido da ido, teburin da na zaɓa yana kusa da ƙofa babu ko tudu ɗaya, na biya rabi rasit ɗin yana cikin jakata. Da na je Gwammaja na faɗa wa Hajiya ta yi shiru kaɗan sannan ta ce "Allah ya kai mu, bari mu ga yadda ƙafar za ta yi". Har yanzu dai ba ta ce min eh ba.