Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Wa Ya Kai Ni Kwari?

Makon jiya mun tsaya inda gwamnati ta hana acaɓa a Kano, a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Babur ɗin da nake ci da iyali da shi ya koma kayan ajiya a soro.

Na sayar da shi. Maimakon in nemi A Daidaita Sahu ko da na balas ne, sai na damƙa wa wani mutum a Kantin Kwari kuɗin, wai zai riƙa juya min. Wata biyu ya ba ni riba, a na uku wayarsa a kashe.

Inna ta ce, "Haƙuri, ɗan nan. Abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa." Wallahi na ji sanyi, don maganar ta sauke min laifi.

Malam ne ya hana ni sakat. Bayan magariba, a zaurensa da ke Yakasai, ya ninke buzu ya dube ni ta saman tabarau.

"Hana acaɓa, an yi shawara da kai?"

"A'a, Allah gafarta Malam."

"To, Kwari fa, ɗaukar ka aka yi?"

Ya kawo labarin Sayyidina Umar, da ya fasa shiga Sham saboda annoba. Da aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Malam ya ce ƙungiyar Jabariyya ce ta ɗauki mutum tamkar gashin tsuntsu a iska, mu kuwa ba haka aka karantar da mu ba.

Ni dai ban miƙa wuya ba. Na ce, "Malam, mai ɗakina na da tsohon ciki, mai gida yana min sallama kullum kan kuɗin haya, kwana uku ban runtsa ba. Da za a mayar da ni ranar, da wannan tsoron a ƙirjina, anya zan yi daban?"

Ya yi shiru yana jan carbi, har ladan ya kira isha'i. Yana saka takalmi ya ce, "Da za ka ga mutumin nan na Kwari gobe ya ce maka ƙaddara ce ta sa ya gudu, za ka ƙyale shi?"

Ban amsa ba. Bayan wata huɗu kuwa sai ga mutumin a tashar Unguwa Uku, da jaka a kafaɗa. Za mu ɗora daga nan mako mai zuwa.